Idan Maigida Ya Ajiye Kaki

Zancenmu na yau ya fi shafar matan soja, amma kowace mace za ta tsinci abin ƙaruwa a ciki.

Mu nan ƙasar Makarfi da Kudan da Ikara ba mu rasa 'ya'ya a aikin soja, tun da Daffo na Zariya, inda ake horar da kurata tun 1924, ga shi nan kusa da mu. Yaro ya shiga yana ɗan shekara 20, in ya yi shekara 25 ya ajiye, to duka-duka shekarunsa 45. Da sauran ƙarfinsa, ga yara a sakandare, fansho kuwa shi kaɗai ba ya riƙe gida a wannan zamani. Wasu sukan koma noman rake ko tumatir, da yawa kuma gadi suke kamawa. Amma akwai wata hanya da ba a cika lura da ita ba, watau aikin ofishin kula da ma'aikata.

Wannan ofishi shi ke ɗaukar ma'aikata a kamfani ko asibiti ko babbar makaranta. Shi ke riƙe fayil ɗin kowa, ya tsara hutu da ƙarin girma, ya shiga tsakani in an sami saɓani, ya kuma sallami wanda lokacinsa ya yi. To duk sojan da ya yi akawu a bariki, ko ya riƙe muƙamin samanja, ai ya daɗe yana irin wannan aiki. Ya san wanda ya tafi hutu, da wanda albashinsa ya maƙale, da wanda rigimar gida ta hana shi barci. Ga tsare lokaci, ga riƙe sirri.

Sai dai akwai inda gizo ke saƙa. Mijin wata yayata a nan Dandamisa samanja ne, da ya ajiye kaki sai Allah ya ba shi irin wannan aiki a wani kamfani a Kaduna. Bai cika wata guda ba wani lebura ya makara kwana uku a jere. Maigidan namu ya daka masa tsawa a gaban jama'a, ya ce ya tattara nasa ya nasa, kada ya sake ganinsa. Kashegari sai ga shugabannin ƙungiyar ƙwadago a ofishin manaja. Aka mayar da leburan, shi kuwa aka ja masa kunne. Ya dawo gida ya ƙi cin tuwo, yana cewa shi ya gama da aikin farar hula.

Ita Yaya ta taɓa yin magajiyar bariki, ta saba sasanta matan soja. Ta bari sai da ya huce, sa'an nan ta ce, "Maigida, ka tambaye shi abin da ya makarar da shi?" Ya ce a soja ba a tambaya. Ta ce, "To ai ba a soja kake ba yanzu. In kiɗa ya sauya, rawa ma sai ta sauya." Da ya bincika, ashe matar leburan ce ke kwance a asibiti, shi ke kai yara makaranta kafin ya fito. Ya sauya masa lokacin shiga aiki, magana ta mutu. Yanzu shekararsa shida a kujerar nan.

Abin da ya koya shi ne, a bariki umurni ke tafiyar da mutane, a ofis kuwa doka ce da takarda da lallashi. Kafin a hukunta ma'aikaci sai an rubuta masa takarda, an ba shi damar kare kansa. Dokar ƙwadago ta ƙasar nan ta ce wanda ya yi shekara 5 ko fiye, sai an ba shi sanarwar wata guda kafin a sallame shi, in ba babban laifi ya yi ba. Wanda ya cika wata 12 yana aiki yana da hutun da bai gaza kwana 6 na aiki ba, da albashinsa. Mace mai ciki kuma tana da mako 6 kafin haihuwa da mako 6 bayanta. Wanda aka zalunta yana iya kai ƙara kotun ma'aikata, wadda aka kafa tun 1976. Wannan duka sai an zauna an karanta.

Saboda haka, 'yar'uwa, in mijinki ya kusa ajiye aiki, ga abin da za ki riƙa tuna masa cikin ladabi. Na farko, takardar shaida. Akwai cibiya a Oshodi ta Legas inda ake ba sojoji masu shirin ritaya horon wata 6 a kan sana'o'i da sha'anin gudanarwa, kada ya ɗauke shi hutu. Ga Kongo a Zariya, ga kwalejin fasaha ta Kaduna, duka ana karatun mulki da gudanarwa. Akwai kuma cibiyar ƙwararru ta masu kula da ma'aikata, CIPM, wadda aka kafa a 1968, tana da jarrabawarta, kuma kamfanoni suna ganin darajar takardarta. Ya kuma koyi kwamfuta tun yana cikin kaki. Gemu ba ya hana ilimi.

Na biyu, kuɗin sallama. Ranar da suka shigo, 'yan'uwa da abokai sai su yi yawa, a yi ta kawo shawarar mota da ƙarin aure. Ki roƙe shi ya ware kuɗin karatunsa da abincin 'yan watanni, domin ba a fita bariki yau a sami ofis gobe. In ya sami aikin kuma, ya sani tsarin fanshon can daban ne da na soja. Bisa dokar 2014, ana cire kashi 8 cikin 100 na albashinsa, mai kamfani ya ƙara kashi 10, a tara masa.

Na uku, haƙuri. Mutumin da aka saba ƙame masa, yau ga shi ƙarƙashin manajan da ya haifa. Zai dawo gida da ɓacin rai. Kada ki ce masa, "Ai da ka sani ka zauna." Ki ba shi ruwa, ki saurare shi, ki kuma hana yara yi masa hayaniya in yana karatu da dare.

Ku kuma 'yan makaranta, kada ku ce wannan zancen iyaye ne. Tun 2011 makarantar horar da hafsoshi ta Kaduna ta fara ɗaukar 'yan mata a babban kwas ɗinta, ofisoshin kula da ma'aikata kuwa mata da yawa ke riƙe da su. Ni da nake koyarwa a firamare kullum ina gaya wa 'yan ajina, wadda ta iya rubuta wasiƙa mai tsabta, ta iya lissafi, ta kuma iya riƙe bakinta, ba za ta rasa wurin zama ba. Ku dage da Turanci da lissafi tun yanzu.

Allah ya ba mazajenmu abin yi bayan kaki, ya ba mu ikon taya su. Sai mun sake saduwa a wannan fili, ku huta lafiya.