Kuɗi da Amana a Ƙasar Yauri: Haƙƙin da ke Hawa Kai Ba a Ankara Ba

Ƙasar Yauri ƙasar ciniki ce tun kafin a san takardar naira. Ta wannan yanki fatake ke bi su haye Kogin Kwara zuwa Gwanja sayen goro. Da aka gama madatsar ruwa ta Kainji a 1968, tafki ya shanye tsibirai da fadamu, aka tashi mutane sama da dubu 40 aka sake musu matsuguni, sai rayuwar Gungawa da Sarkawa da Kambari da Shangawa da Hausawa ta ƙara ɗauruwa da kasuwa. Kifi da albasa da shinkafa su ne arzikin yankin, daga Yelwa zuwa Wara, daga Birnin Yauri zuwa Shanga. Duk kuwa inda kuɗi ke yawo tsakanin mutanen da suka saba da juna, nan haƙƙi ke hawa kan mutum cikin ruwan sanyi.

Ɓarawo ya san abin da yake yi, ba shi ne abin dubawa a nan ba. Wanda ake jiye wa tsoro shi ne mutumin kirki, wanda jam'i ba ya wuce shi, ba zai taɓa zura hannu a aljihun wani ba, amma kullum sai ya tsinci kansa tsakanin riba da gaskiya a kan abin da ake ganin bai taka kara ya karya ba. Akwai tambaya ɗaya da za ta raba masa gardama a mafi yawan lokuta: da abokin hulɗata ya san abin da na sani, zai amince? In amsar a'a ce, to kuɗin da suka shigo aljihu da sauran magana a kansu.

Buhu, kwali da bakin dillali

A ɗauki buhun albasa. Manomi ya sha ban ruwa, ya sha tsadar taki da man inji, ga ruɓewa tana cin rabonta. Ranar cika buhu sai a cusa ƙanana da masu tabo a tsakiya, a jera manya a baki. Haka kwalin bandar kifi: na sama ya bushe ƙayau, na ƙasa da sauran danshi, kafin mota ta kai Anacha ko Ibadan ya fara lalacewa. In an yi magana sai a ce, "Ai kowa haka yake yi, su ma masu sayen sun sani." In da sun sani, da ba a ɓoye ba. Abin da ke biyo baya shi ne baƙo ya ɗauki darasi, baɗi ya taya kowane buhu da ragi, mai gaskiya da mai algus duk su sha asara tare. Kasancewar mai sayen Bayarabe ko Ibo, Musulmi ko Kirista, ba ya sauya komai a hukuncin ha'inci.

Dillali kuma jarrabawarsa a bakinsa take. Tsoho ya kawo kaya daga ƙauye ya damƙa masa, an saya a naira dubu 60, ya dawo ya ce, "Baba, da ƙyar aka kai hamsin da biyar," sannan ya cire la'adarsa a ciki. Dubu biyar ɗin nan ta tsohon ce. Da tun farko mai kaya ya ce, "Sayar mini a hamsin da biyar, abin da ya hau naka ne," da malamai da yawa sun halatta. Bambancin duk a sanin mai kaya yake. Irin wannan hukunci ne ya hau kan masu tare kaya a bakin ruwa tun kafin masunci ya ji yadda kasuwa ta tashi, da masu taya kaya da tsada ba da niyyar saye ba, sai don su zuga wani ya faɗa. Shari'a ta hana duka biyun, kuma dalilin ɗaya ne, ana cin riba da duhun kan wani.

Ba da kaka da bashin koma

A nan ne maganar ta fi sarƙewa, domin kowane ɓangare yana da hujja. A tsakiyar damina rumbu ya yi ƙasa, ga zazzaɓin cizon sauro ya kwantar da yara, ga gona tana jiran taki. Manomi ya je wurin mai kuɗi ya karɓi wani abu a kan zai biya da buhun shinkafa ko dawa in kaka ta yi. Mai kuɗi yana cewa, "Da ban ba shi ba, wa zai ba shi? Banki ya san da zamansa?" Gaskiya ya faɗa. Manomi kuma yana cewa, "Na noma, wani ya kwashe." Shi ma bai yi ƙarya ba.

Musulunci bai haramta biyan kuɗin hatsi tun kafin kaka ba. Akwai cinikin salam, kuma manoma da 'yan kasuwa aka yi wa sauƙi da shi. Sai dai yana da sharuɗɗa: a biya kuɗin tun farko, a faɗi irin hatsin da siffarsa, a faɗi yawansa da ma'aunin da kowa ya sani, a sa lokacin bayarwa. Kuma ba a ɗaure cinikin a kan wata gona ta musamman, domin ruwa na iya cinye ta. In lokaci ya yi kayan ba su samu ba, mai kuɗi ya jira, ko ya karɓi abin da ya bayar ba tare da ƙari ba.

Inda ake zamewa wurare uku ne. Na farko, a ba da buhu ɗaya na hatsi a kan za a biya biyu da kaka. Wannan riba ce tsagwaronta. Na biyu, shekara ta ƙi, sai a ce, "Ba komai, baɗi ka kawo ninki." Ta haka buhu biyu ke zama huɗu, huɗu su zama gona. Na uku, a dubi mutum ɗansa na kwance a asibiti a taya masa buhu a rabin abin da kowa ya san zai yi. Ko da sharuɗɗan sun cika a takarda, wanda ya ci moriyar ƙuncin ɗan'uwansa ya san abin da ya yi.

A bakin tafki ma labarin ɗaya ne. Ɗan kasuwa ya sayo wa masunci koma ko injin jirgi, da sharaɗin duk abin da aka kamo shi kaɗai za a sayar wa, a kuɗin da ya yanka. Shekaru su wuce, bashin bai ragu ba, domin babu wanda ya taɓa zama ya lissafa nawa ake cirewa a kowace fita. Malaman Malikiyya sun hana haɗa rance da ciniki a yarjejeniya ɗaya saboda irin wannan. Mafita ba ta da wuya. Ko dai a sayar masa da komar bashi a kuɗi sananne, a riƙa sayen kifinsa yadda kasuwa ta kama, ana rubuta abin da ya biya. Ko kuwa a yi tarayya ta gaskiya, in an samu a raba, in koma ta yage asarar ta shafi kowa.

Wanda ya kasa da wanda ya ƙi

Bahaushe ya ce bashi hanji ne, yana cikin kowa. Cin bashi ba abin kunya ba ne, taurin bashi shi ne aibi. A watan Nuwamba na 2015 Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar da shirin Anchor Borrowers na Babban Bankin Nijeriya a jihar Kebbi, aka ba manoman shinkafa iri da taki da injin ban ruwa a matsayin rance. Wasu sun biya. Wasu ambaliyar 2020, wadda ta cinye gonakin shinkafa masu yawa a jihar, ta karya su, kuma uzurinsu a fili yake. Amma akwai waɗanda suka girbe suka sayar, suka ƙara aure ko suka sayi babur, suna cewa, "Kuɗin gwamnati ne, rabonmu ne ya tsaga." Wanda ya sa hannu a kan rance ya san rance ya karɓa. Satar da manya ke yi a ofis ba ta wanke ƙaramin da ya ƙi biya, kuma wanda ya fi cutuwa shi ne manomin baya da aka rufe wa ƙofa.

Tun da aka cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu 2023, wata sabuwar gardama ta shigo gidaje. Hauhawar farashi ta haura kashi 30 cikin ɗari a 2024. Wanda ya ranta wa ƙaninsa dubu 100 a 2022, in aka maido masa yau, ba za su sayi abin da suka saya a da ba. Mafi yawan malamai sun tafi a kan cewa abin da aka ranta shi ake biya, mai rance ba shi da ikon sharɗanta ƙari. Amma an so mai biya ya kyautata don kansa, ba tare da an tambaye shi ba. Wanda kuwa yake da halin biya ya yi ta jan ƙafa har kuɗin suka zube, ya zalunci mai shi, ko da ya cika su cif daga baya.

Ajiya, adashi da saƙo

Uwar adashi ta tara zubin mata ashirin, sai ga haja mai araha. Zuciya ta ce, "Juya su kafin ranar kwasa, wa zai sani?" Sau tara a yi nasara, na goma kaya su kwanta, mai kwasa ta zo da maganar kayan ɗakin 'yarta a fara yi mata kwana-kwana. Kuɗin ajiya ba jari ba ne sai da izinin masu su. Haka wadda ta roƙi kwasar farko sannan zubi ya gagare ta, ta sani bashin mutum goma sha tara ne a wuyanta.

Saƙo ma amana ne. Yaya yana Legas ko Fatakwal ya turo kuɗin gini ko na maganin Inna, ƙane ya taɓa da niyyar zai mayar. Da ya ɗaga waya ya ce, "Yaya, na matsu, zan ari dubu goma a ciki," da wataƙila an bar masa. Shirun ne ya mai da aro cin amana. Kuɗin da suka faɗo asusunka bisa kuskure kuwa tsintuwa ce mai adireshi, banki ya san mai su. Masu POS kuma ladan aikinsu halak ne in sananne ne, amma mutane ba su manta da watan Fabrairun 2023 ba, lokacin ƙarancin takardun kuɗi, da wasu suka mai da naira hajar sayarwa ga masu jinya da masu neman abin cefane.

Lodin da ya wuce kima

Akwai ribar da ba aljihu kaɗai take taɓawa ba. Ranar Laraba 26 ga Mayu 2021, jirgin ruwa da ya taso daga jihar Neja zuwa Wara a ƙaramar hukumar Ngaski ya kife da mutane sama da 150, kaɗan ne suka tsira. Hukumar kula da hanyoyin ruwa ta ƙasa, NIWA, ta danganta haɗarin da lodin da ya fi ƙarfin jirgin. Allah ya jiƙansu da rahama.

Kowane mai jirgi ya san iyakar jirginsa, ya san katakon da ya tsufa. Fasinja bai sani ba. Mai ya yi tsada, gaskiya ne, kuma fita da rabin lodi asara ce. Amma a lokacin da ake cewa, "A matsa, akwai wuri, Allah ne mai tsarewa," ana karɓar kuɗin mutum a kan haɗarin da ba a gaya masa ba. Tawakkali ba ya soke wajibin kiyaye rai. Gara a ƙara kuɗin fito a fili, kowa ya sani, da a ƙara mutum goma a ɓoye cikin lissafi. Fasinjan da ke matsa wa direba lamba don kada kasuwa ta wuce shi, ko ya ƙi sa rigar kariya, shi ma da nasa kason.

Kunyar da ke kashe zumunci

In aka bi diddigin rigingimun kuɗi da ke zuwa gaban mai unguwa ko alƙali, za a tarar da yawa ba da mugun nufi suka fara ba. Da kunya suka fara. "Haba Kawu, ni da kai har sai an rubuta?" Sai a rabu kowa da abin da ya fahimta: wannan yana ganin rance ya bayar, wancan yana ganin gudummawa aka yi masa. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka, kuma waɗanda aka fara umarta sun fi mu amana. Rubutu ba zargi ba ne. Yana kare mai mantuwa, yana kare magada ranar da ɗayan ya kwanta dama. Wanda bai iya boko ba ya rubuta da ajami, wanda bai iya ko ɗaya ba ya kira mutum biyu, ko ya naɗi murya a waya kowa ya ajiye.

Sarakunan kasuwa da na ruwa da shugabannin ƙungiyoyin 'yan albasa, 'yan kifi da masu jirage suna da ikon da hukuma ba ta da shi, domin su ke wurin kullum. Su daidaita girman buhu da mudu, su tsayar da la'ada sananniya, su sa wa kowane jirgi iyakar lodi, su hukunta nasu kafin a kai ga hukuma. Limamai da fastoci su riƙa saukar da wa'azin amana zuwa kan buhu da kwali da littafin bashi, yadda mai sauraro zai gane da shi ake.

Kai kuma mai karatu, kafin ka kwanta yau, ka tuna wa ke binka, kuɗin wa ke hannunka, wa ka ɓoye wa abin da ya kamata ya sani. In akwai, ka neme shi tun kuna da rai ku biyun, ka biya, ko ka nemi lokaci, ko ka nemi yafiya. Allah ya ba mu halak mai albarka, ya raba mu da haƙƙin mutane.