Jirgin Da Ya Sauka Bisa Cikinsa

Ku sani, ya ku masu karatu, ƙananan jiragen sama na masu zaman kansu iri biyu ne. Akwai wanda ƙafafunsa ke kafe a waje kullum, akwai kuma wanda ke naɗe su idan ya tashi, kamar yadda shaho ke yi, domin kada iska ta rage masa gudu. To, wannan na biyu shi ne mai fitina lokacin sauka.

Wani sa'i laifin na ƙarfe ne. Ko man da ke tura ƙafa ya tsiyaye, ko lantarki ya ɗauke, ko sakatar da ke riƙe ƙafar ta ƙi kamawa. Maƙera sun yi wa wannan tanadi. A jirgin Bonanza, wanda kamfanin Beechcraft na Amurka ya fitar a 1947, akwai wani hannu bayan kujerar matuƙi, idan ya juya shi wajen sau 50 sai ƙafafu su sauko. Waɗansu jiragen Cessna kuwa famfon hannu gare su.

Amma sau da yawa ƙarfe lafiyarsa lau, matuƙi ne ya manta. Ga shi ya kusanto fili, rediyo na magana, fasinja na tambaya, wani jirgi ya gitta, hankalinsa ya rabu. Ba ya farga sai ya ji cikin jirgi yana gurzar kwalta. Galibi rai yakan tsira, amma farfela ta lanƙwashe, sa'an nan tilas makanikai su kwance inji su duba cikinsa, hasara kuwa mai yawa ce.

Saboda haka aka yi ta neman maganin mantuwa. Aka sa fitilu uku korra masu shaida kowace ƙafa ta sauko ta kama. Aka sa ƙaho mai kuka idan an rage wuta alhali ƙafafu na naɗe. A zamanin Yaƙin Duniya na Biyu, wani masani, Alphonse Chapanis, ya lura matuƙan jirgin yaƙi B-17 suna naɗe ƙafa bisa kuskure bayan sun sauka, domin makunninta ya yi kama da na kusa da shi. Sai ya mai da kansa siffar taya, yadda hannu zai gane shi ko ido bai duba ba. A 1967 kamfanin Piper ya fitar da jirgin Arrow, wanda ke sauke ƙafafunsa da kansa idan gudu ya ragu.

Duk da haka abin bai ƙare ba, gama akwai wanda ƙahon ke kuka a kunnensa har ya dira bai ji ba. Shi ya sa malaman tuƙi ke horon almajiransu su furta da baki, tun kafin su kai fili, kuma su maimaita dab da dira: ƙafa ta sauka, fitila uku sun kama. In kunne ya ji, jiki ya tsira. Haza wassalam.