Tarihin Bangon Bagadin Majami'ar St Albans da Yadda Aka Maido da Shi

A cikin babbar majami'ar St Albans, kimanin kilomita 30 arewa da birnin Landan na ƙasar Ingila, akwai wani dogon bango na farin dutse da aka sassaƙa a bayan bagadi, wato teburin da ake gudanar da ibada a kansa. Mai kallo zai ɗauka hannu ɗaya ne ya yi shi, alhali kusan shekaru 400 ne tsakanin ginin bangon da mutum-mutumin da ke jere a jikinsa yau.

An kammala bangon a shekarar 1484, zamanin da William na Wallingford yake shugabantar gidan sufayen da ke wurin. Aikinsa shi ne raba bagadin da hubbaren Waliyyi Alban, wanda ake ɗauka shi ne Kirista na farko da aka kashe saboda addininsa a Birtaniya. Ta haka sufaye ke ibadarsu cikin natsuwa, masu ziyara kuma na kai-kawo a baya. An fafe gurabu hawa-hawa a jikin dutsen, aka kafa siffofin waliyyai a ciki.

Bayan Sarki Henry na 8 ya raba gari da Paparoma, an rufe gidan sufayen a 1539. A guguwar sauyin addini da ta biyo baya aka farfasa siffofin, domin masu sauyin na ganin girmama su na kama da bautar gumaka. Mutanen gari sun sayi ginin a 1553 a kan fam 400, amma gurabun suka zauna wayam fiye da shekaru 300.

Sai bayan da aka ɗaga darajar cocin zuwa mazaunin bishop a 1877 aka waiwayi bangon. Henry Hucks Gibbs, attajiri kuma tsohon gwamnan Bankin Ingila, wanda daga baya ya zama Lord Aldenham, ya ɗauki nauyin aikin, ya damƙa shi ga Harry Hems, masassaƙi daga garin Exeter. An fara a 1884, aikin ya ci kusan shekaru 15. Tun da siffofin asali sun salwanta, sababbi aka sassaƙa daidai da girman kowane gurbi. Daga cikinsu akwai ta Adrian na 4, Baturen Ingila ɗaya tilo da ya taɓa zama Paparoma.

Aikin bai tafi salin-alin ba. Lord Grimthorpe, wanda ya kashe dukiya mai yawa wajen gyaran sauran ginin, ya ƙi amincewa a kafa siffar Yesu a kan gicciye a tsakiyar bangon, yana ganin hakan komawa ne ga al'adar Katolika. Rigimar ta kai gaban kotun coci, daga baya dai aka kafa gicciyen.

A ƙasansa kuwa akwai allon da Alfred Gilbert ya sassaƙa, mai nuna tashin Yesu daga kabari. Bai ƙarasa shi ba, kuma haka aka bar shi har yau.

Ga masu kula da kayan tarihi, bangon na St Albans ya bar tambayar da ba ta tsufa: idan abu ya salwanta, a cike gurbinsa da sabo, ko a bar gurbin ya ba da labarin abin da ya faru?