Abin da Ke Sa Kwamfuta Ta Yi Shiru Idan An Buɗe Manhajar Kiɗa

Duk wanda ya taɓa zama a ɗakunan haɗa waƙa na Kano ko Kaduna ko Jos, ko ya ga saurayi mai koyon sana'ar da kwamfutarsa a cinya, ya san wata mas'ala da ke damun ma'abota wannan fanni, wato da zarar an buɗe manhajar kiɗa irin su FL Studio ko Cubase, sai sauran manhajoji su yi tsit, har almajiri ya riƙa kallon malaminsa a YouTube yana ta motsa baki, amma ko tarinsa ba ya ji. Da yawa sukan zaci kwamfutar ce ta samu illa, alhali kuwa lafiyarta ƙalau, al'amarin yana da sababi sananne.

Bisa al'ada, kowane sauti a Windows sai ya bi ta wani mahaɗi inda ake gauraya shi da sauran kafin a miƙa shi ga katin sauti, kuma wannan zagaye yakan ci ɗan lokaci wanda mai sauraro ba zai lura da shi ba, amma ga makaɗin da ya danna fiyano bai ji amo nan take ba, ko mawaƙin da muryarsa ke dawo masa a kunne a makare, wannan jinkiri babbar musiba ce. Saboda haka ne kamfanin Steinberg na birnin Hambug a Jamus ya fito da tsarin ASIO a 1997, domin manhaja ta isa ga katin kai tsaye. Misalinsa kamar mai ganawa da sarki ne a keɓe: buƙatarsa takan biya da gaggawa, amma muddin yana ciki, sauran jama'a suna zaure suna jira. Haka ASIO4ALL yake, wanda Michael Tippach ya fitar a 2003 don masu ƙaramin ƙarfi da ba su da katin sauti na musamman: idan ya kama katin, ba ya sakin sa ga kowa.

Mizanin jinkirin kuwa shi ne abin da masu sana'ar ke kira bafa, wato yawan gutsattsarin sauti da kwamfuta ke tarawa kafin ta sake su. Idan ana aiki da gutsure 44,100 a daƙiƙa, aka sa bafa a 256, jinkirinta kusan kashi 6 ne cikin 1,000 na daƙiƙa. Idan aka ninka ta zuwa 512, shi ma ya ninku.

To, mafita ta kasu gida huɗu. Ta farko, a zaɓi FL Studio ASIO, wanda kamfanin Image-Line na ƙasar Beljiyam ya haɗo da FL Studio 12 a 2015, domin shi yana yarda a yi tarayya, ko da yake jinkirinsa ya ɗan ɗara. Ta biyu, a umarci manhajar ta saki katin duk sa'ad da aka koma wata taga, zaɓin da ke cikin FL Studio da Cubase duka, sai dai sharaɗinsa shi ne ba za a ji biyun a lokaci guda ba. Ta uku, wanda Allah ya hore wa katin sauti na waje ya ba manhajar kiɗa shi, ya bar wa Windows na cikin kwamfuta, ga shi kuma da yawa daga irin waɗannan katuna suna iya ɗaukar biyun tare. Ta huɗu, a daidaita lissafi, don idan Windows na kan gutsure 48,000 a daƙiƙa, manhaja kuma na kan 44,100, sau da yawa ɗayansu yakan yi shiru ko muryarsa ta jirkice. Masu kwamfutar Mac an hutar da su galibin wannan wahala, domin tsarinsu na Core Audio ya ginu bisa tarayya tun asali.

Wanda kuma ke son shigar da sautin wata manhaja cikin aikinsa, akwai Voicemeeter a Windows da BlackHole a Mac, amma ya tuna waƙar wani haƙƙinsa ce, kuma sauƙin ɗauka ba ya halatta abin da mai shi bai yi izini ba.

Nasiharmu ga masu tasowa ita ce su zaɓi hanya gwargwadon aikin da ke gabansu: lokacin darasi da kwatanta waƙarsu da ta magabata, su yi tarayya su haƙura da ɗan jinkiri; lokacin ɗaukar murya kuwa, su rufe komai su bar wa manhajar katin ita kaɗai.