Ɗan Ƙaramin Abu Mai Sa Kansar Bututun Matsarmama Ta Bazu

Duk wanda ya taɓa kallon fiɗar rago ranar Babbar Sallah ya san matsarmama, wato 'yar jakar nan mai kore-kore da ake cirewa a hankali daga jikin hanta don kada ta fashe ta ɗaɗaita nama. Mu ma muna da ita. Hanta ce ke haɗa ruwan ɗacin, matsarmama ta adana shi, wasu siraran bututu kuma su kai shi hanji don narkar da maiƙo. A cikin waɗannan bututu ne wata kansa ke tsira, wadda sau da yawa ba a gano ta sai ta bazu.

Me ke sa ta bazuwa? Wani ɓangare na amsar yana tattare da maikro-RNA.

Mu ɗauki DNA a matsayin kundin da ke ofishin shugaban makaranta. Kundin ba ya fita, sai dai a kwafi umarni a ba ɗan aike, wato mRNA, ya kai inda ake ƙera furotin. Shi kuwa maikro-RNA kamar mai gadi ne da ke tare ɗan aiken a ƙofa ya hana saƙon isa. Tsawonsa bai wuce haruffan gado kamar 22 ba, amma guda ɗaya yana iya tare saƙonni masu yawa.

A 1993 ne Victor Ambros da Gary Ruvkun, masana a Amurka, suka gano wannan tsari a jikin wata tsutsa mai tsawon milimita 1. Da farko an ɗauka abin na tsutsa ne kawai. A 2000 Ruvkun ya gano wani mai suna let-7, aka kuma same shi har a jikin ɗan'adam. A 2024 su biyun suka samu kyautar Nobel ta fannin likitanci.

A kansar bututun matsarmama, masu gadin nan kan rikice ta hanya biyu. Wani mai suna miR-21 yakan yi yawa, ya riƙa tare saƙon PTEN da PDCD4, furotin biyu da ke taka wa ƙwayoyin halitta birki. Shi kuma miR-200c yakan ragu a nau'in cutar mai tsanani. Aikinsa shi ne kare furotin ɗin da ke manne ƙwayoyin halitta da juna kamar gam. Idan gam ya saki, birki kuma ya tsinke, sai ƙwayoyin kansar su ɓalle, su bi jini da kaluluwa zuwa wasu sassan jiki. Masana na binciken yadda za a auna maikro-RNA a jini don gano cutar da wuri, amma wannan yana matakin gwaji ne tukuna.

To, mu da ke Dutsen Abba ko Tudun Wada fa? Idan bututun ya toshe, ido kan yi rawaya, fitsari ya yi duhu, bahaya ya yi fari-fari, jiki ya yi ta ƙaiƙayi da rama. Mu kan ce shawara ce, a kawo jiƙo. Amma shawara alama ce, kuma cututtuka da dama ke kawo ta. Makonnin da ake ɓatawa ana shan saiwa su ne kansar ke amfani da su wajen bazuwa. Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika yana da sashen kula da masu kansa, kuma hoton ciki da gwajin jini su ne matakin farko.

Ciwon hanta nau'in B da C suna cikin abubuwan da ke ƙara haɗarin wannan kansa. Tun 2004 Najeriya ta sa allurar nau'in B cikin rigakafin jarirai. Mu duba katinmu a gida, mu tambayi iyaye. Wanda ba a yi wa ba ya je a gwada shi, a yi masa. Idan kuma muka ga idon wani babba a gida ya yi rawaya, mu faɗa cikin ladabi cewa a fara da asibiti.