Suɗaɗɗiyar Taya da Diyyar Inshorar Mota

Inshorar mota yarjejeniya ce tsakanin mai mota da kamfani: shi yana biyan kuɗi duk shekara, kamfanin kuma ya ɗauki nauyin asarar da hatsari ya jawo. Kusan kowace takardar inshora tana ɗauke da sharaɗin cewa mai mota zai riƙa kula da ita yadda za ta dace da hawa titi. Taya na cikin abubuwan farko da ake dubawa idan ana son a gane ko an cika wannan sharaɗi, domin ita kaɗai ce ke taɓa kwalta, kuma birki da sitiyari duk ta kanta suke aiki.

Zanen da ke jikin taya aikinsa korar ruwa daga ƙarƙashinta. Idan ya suɗe, tayar sai ta hau kan ruwa ta yi sulɓi, birki kuma ya ɗauki tazara mai tsawo kafin mota ta tsaya. A Ingila da ƙasashen Tarayyar Turai doka ta ƙayyade cewa zurfin zanen tayar ƙaramar mota kada ya gaza milimita 1.6. Masu ƙera taya suna sanya wasu ƙananan tudu a cikin ramukan zanen. Da zarar zanen ya cinye har ya daidaita da tudun, tayar ta gama aiki. Tsufa ma yana kashe taya ko da zanenta na nan. A gefenta akwai lambobi huɗu da ke nuna ranar ƙira: 2319 na nufin mako na 23 na shekarar 2019. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Najeriya, wadda aka kafa a 1988, tana gargaɗin a daina amfani da taya bayan shekara huɗu da ƙera ta. Wannan ya fi shafar masu sayen tayoyin gwanjo da ake kira 'yan Beljiyam, waɗanda roba ta bushe a jikinsu kafin su gamu da zafin kwaltar bazara.

Abin da kamfani zai biya ya danganta da irin inshorar da aka yanka. Ta farko ita ce ta dole, wadda doka ta wajabta a Najeriya tun dokar 1945. Wannan tana biyan wanda aka yi wa ɓarna ne kawai, ba ta gyara motar mai ita ko da tayoyinsa sababbi ne. Daga Janairun 2023, hukumar NAICOM mai sa ido kan kamfanonin inshora ta ɗaga kuɗinta ga motar gida daga naira 5,000 zuwa naira 15,000, ta kuma ɗaga iyakar diyyar dukiyar da aka lalata daga naira miliyan 1 zuwa miliyan 3. Manufar wannan inshora ita ce kare mutumin da bai ji ba bai gani ba. A Ingila, dokar hanya ta 1988 ta hana kamfani fakewa da lalacewar mota don ƙin biyan wanda aka ji wa rauni, sai dai ta ba kamfanin damar komawa kan mai motar ya karɓi abin da ya biya.

Ta biyu ita ce cikakkiyar inshora, wadda ta haɗa da gyaran motar mai ita, kuma a nan ne suɗaɗɗiyar taya ke yawan jawo gardama. Bayan hatsari, kamfani yakan tura injiniyansa ya duba motar, ya auna zanen tayoyi, ya karanta ranar ƙira, ya haɗa da rahoton 'yan sanda. Tambayar da ake son amsa ita ce ko tayar ce sanadin hatsarin. Motar da ke fake a bakin titi wata ta zo ta buge ta, suɗewar tayarta ba ta da hannu a ɓarnar, don haka babu hujjar hana diyya. Motar da ta kasa tsayawa a cikin ruwan sama, ko tsohuwar tayarta ta fashe tana cikin gudu ta wuntsila, lamarinta daban ne: kamfani na iya cewa sakaci ne ya jawo asarar, ya rage diyyar ko ya ƙi biya gaba ɗaya.

Ko da an amince za a biya, ita tayar kanta ba a cika biyan kuɗinta ba. Takardun inshora sukan cire lalacewar da yawan amfani ya kawo, da faci, da fashewar taya ita kaɗai. Idan aka maye tsohuwa da sabuwa a wurin gyara, akan cire wani kaso, saboda ƙa'idar inshora ita ce a mayar da mutum matsayin da yake kafin asara, ba tare da ya ci riba ba.

Hujja ce ke raba irin wannan gardama. Rasidin sayen taya, shaidar duba iska da juya tayoyi a wurin mai faci, da hotunan da aka ɗauka a wurin hatsarin duk suna taimakon mai mota, haka ma sanar da kamfani cikin wa'adin da takarda ta sa. Bai kamata a jefar da tayar da ta fashe ba, domin bincike na iya nuna ƙusa ce ko rami ya fasa ta. Wanda aka hana diyya yana da haƙƙin neman dalili a rubuce, ya kai koke ga NAICOM, idan bai gamsu ba ya je kotu.