INA MUTUMIN FUNTUWA ZAI SHA ISKA?

Duk wanda ya sauka Funtuwa da kaka, lokacin da ake ta shigowa da masara da waken soya da auduga daga ƙauyukan Bakori da Ɗanja da Ɗandume, zai tabbata cewa garin nan Allah ya yi masa arziki. Amma in la'asar ta yi sanyi, baƙo ya ce wa mai masaukinsa ya kai shi inda zai ɗan miƙe ƙafa ya sha iska, sai ka ga mai gida ya yi shiru yana sosa ƙeya. Iyakar abin da zai nuna masa shi ne benci a bakin titi, inda manyan motocin Sakkwato da na Zariya ke wucewa suna bulbula masa hayaƙi.

Dalilin haka kuwa yana cikin tarihin garin. Funtuwa ciniki ne ya raya ta. Tun da aka gama shimfiɗa hanyar jirgin ƙasa wadda ta taso daga Zariya ta bi ta nan zuwa Gusau da Ƙauran Namoda a 1929, kuma kamfanin auduga na Bisije ya kafa injin gurza, sai mutane suka yi ta kwararowa daga ko'ina. Kowa ya zo nema ne, ba wanda ya zo hutu. Fili in ya samu, sai a yi sito ko rumfa. Haka Malumfashi, garin Galadiman Katsina, ita ma da nata injin gurzar, ko da yake ita ba ta cika cunkoso kamar 'yar'uwarta ba.

Kada mai karatu ya zaci wurin shaƙatawa al'adar Turawa ce kurum. Kakanninmu sun san dandali. Kowace unguwa da nata, yawanci gindin wata ƙatuwar cediya ko durumi. Da hantsi tsofaffi ke zaune suna tufkar igiya suna hira. In farin wata ya fito 'yammata su yi gaɗa, samari su yi langa, bayan an kai amfani gida kuwa a kira makaɗa a yi dambe da kokawa. Ba a katange dandali, ba a biyan ko anini, amma ba mai ƙarfin halin da zai dasa harsashin gini a kansa, domin mai unguwa da dattawa suna gani. To, yau zagaya Jabiri ko Tudun Wada ka ƙirga dandali nawa suka rage. Yara sun koma buga ƙwallo a lungu, tsakanin kwata da 'yan acaɓa.

Dā ana iya cewa ai daji yana kusa, wanda gari ya ishe shi ya fita bayan gari. Lalle ƙasar nan tana da wuraren kallo. Kogin Sakkwato kansa daga nan kusa da Funtuwa ya faro. Ga madatsar ruwa ta Mairuwa a kan hanyar Gusau, ga ta Gwaigwaye, ga duwatsu masu daɗin hawa waɗanda in ka kai bisa da damina za ka hango gonaki kore shar har iyakar ganinka. A 2020 ma Gwamnatin Tarayya ta amince a mai da dajin Kogo na ƙasar Faskari ɗaya daga cikin sababbin gandayen daji guda 10 na ƙasa. Sai dai kowa ya san abin da 'yan bindiga suka jawo wa yammacin Funtuwa a shekarun nan. Manomin da ya sha fargaba kafin ya je gonarsa ba zai kwashi iyalinsa zuwa daji yawon buɗe ido ba. Saboda haka wurin hutawar da ake bukata yanzu shi ne na tsakiyar gari, inda mace da goyonta za ta iya zuwa da ƙafa ta komo kafin magariba.

Waɗansu za su ce filin tsakiyar gari ya yi tsada a bar shi ga itatuwa. Ai bai kai na birnin New York ta Amurka tsada ba, amma can sun keɓe eka 843 a tsakiyar birni tun wajen 1858, har yau ba su yanka ta filoti ba. Mu ba mu nemi ko kashi ɗaya cikin ɗari na wannan ba.

Abin da ake so kaɗan ne. Ƙaramar hukuma da Sarkin Maska da masu unguwanni su zauna su rubuta kowane fili na jama'a da ya rage, watau filin idi da filayen makarantu da gefen hanyar jirgi da gindin duwatsu, a sa musu alama, a hana sayarwa. Duwatsun cikin gari kuma a dakatar da masu fasa su, a sassaƙa 'yar hanya da matakala yadda tsoho zai iya hawa, kamar yadda aka yi wa Dutsen Dala a Kano. Sa'an nan a dasa itatuwa. Bedi ba ya bukatar lallashi. In an kare shi daga awaki damina biyu ko uku, ya tsira ke nan. Mangwaro da madaci su ma suna son ƙasar nan. Kowace makarantar firamare a ba ta jeri guda ta riƙa ban ruwa da rani, a kuma sa mai gadi ɗaya wanda za a riƙa biyansa a kan kari, don kada a wayi gari a tarar an mai da wurin juji.